Waƙar yabo da almakashin tace fim: Yadda masu mulki ke juya akalar fasaha a Kano

Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato, ɗakunan ɗaukar waƙa a Kano ba sa samun hutu. Kowane ɗan takara na neman mawaƙin da zai wasa shi, kowane mawaƙi na neman uban gidan da zai ba shi mota ko kujerar Makka. Da an rantsar da wanda ya ci, sai kasuwar mawaƙansa ta buɗe, na ɓangaren da ya faɗi kuma su koma kaffa-kaffa da hukumar tace finafinai.

Wannan yanayi ya wuce batun cinikin mawaƙa. Shi ne ke yanke irin waƙar da yaro zai taso yana ji, da irin fim ɗin da furodusa zai yi ƙarfin halin zuba kuɗinsa a ciki.

Dangantakar mulki da fasaha daɗaɗɗiya ce a ƙasar Hausa. Narambaɗa ya yi suna ne a fadar Sarkin Gobir na Isa, Musa Ɗanƙwairo kuma ya shahara da waƙoƙin sarakuna da na Sardauna. A zamanin NEPU da NPC, kowace jam'iyya na da marubuta waƙoƙinta, irin su Mudi Sipikin da Gambo Hawaja a ɓangaren NEPU. Abin dubawa shi ne ta wace hanya mai mulki ke sa hannu, kuma me hannun nasa ke bari a baya.

A shekarar 1933, Hukumar Talifi da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai da rubutun boko, a lokacin da malamai suka fi ba rubutacciyar waƙa daraja. Gasar ce ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi, da Jiki Magayi. Turawan mulkin mallaka na da tasu manufar, wato samar da abin karantawa a makarantun boko. Amma zaɓin da suka yi ya shata wa rubutun zube na Hausa hanyar da ya bi shekaru da dama, har yau ɗalibai na karanta waɗannan littattafai.

A 1982 ma, gasar Sashen Al'adu na Gwamnatin Tarayya ta fito da littattafai irin su Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina da Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare. Turmin Danya ya tona asirin fasa-ƙwauri da cin hanci. Da kuɗin gwamnati aka buga shi, amma ba a tilasta wa marubucin yin fadanci ba, domin alƙalan gasa aikin suka duba.

Idan aka kwatanta wannan da abin da ya biyo baya a Kano, bambancin a fili yake. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, zamanin mulkin Rabi'u Musa Kwankwaso na farko, bayan ƙaddamar da Shari'a. A 2007, gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta naɗa Abubakar Rabo ya shugabance ta, aka dakatar da shirya fim na tsawon watanni, aka ɗaure Adam A. Zango, daga baya aka ɗaure Hamisu Lamiɗo Iyan-Tama. Masu fim da dama suka tattara kayansu suka koma Kaduna.

A zamanin Abdullahi Umar Ganduje, an kama Sadiq Zazzaɓi a 2017, sannan a 2019 aka kama darakta Sunusi Oscar 442 da mawaƙi Naziru Sarkin Waƙa. Hukumar ta ce saɓa dokar tace ayyuka suka yi. Jama'a da dama kuwa sun lura cewa waɗanda aka kama ba sa ɗasawa da gwamnatin. Da mulki ya koma hannun Abba Kabir Yusuf a 2023, sai shugabancin hukumar ya koma hannun Abba El-Mustapha, ɗan fim da ya yi wa tafiyar Kwankwasiyya hidima.

Ba a ce kada a tace ba. Al'umma na da haƙƙin kare tarbiyyar 'ya'yanta, kuma akwai ayyukan da suka cancanci a taka musu birki. Matsalar ita ce, muddin ana sauya mai riƙe da almakashin duk sanda aka sauya gwamna, mai fasaha zai fahimci cewa tsirarsa na ga kusantar gidan gwamnati. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski.

Ta fuskar kuɗi ma haka abin yake. A 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta ware naira biliyan 3 don tallafa wa masana'antar fim. A 2016 gwamnatin Muhammadu Buhari ta sanar da gina dandalin shirya finafinai na naira biliyan 3 a Kofa da ke Ƙaramar Hukumar Bebeji, sai ta janye bayan malamai da wasu jama'a sun nuna adawa. Ba a zauna da malaman da masu fim an tsara abin da kowa zai amince da shi ba, aikin ya bi ruwa. A wannan shekarar ce BBC Hausa ta fara gasar Hikayata ta mata marubuta, aikin da ya kamata a ce wata hukuma ta gida ce ta riga ta yi.

Sakamakon shi ne, matashi mai baiwa ya ga inda kuɗi yake. Ya ga ɗaukakar da Dauda Kahutu Rarara ya samu ta hanyar waƙar siyasa, ya ga marubucin littafi na bin bashi kafin ya buga kwafi ɗari biyar, ya ga makaɗan kukuma da gurmi na tsufa ba magaji. Ba sai an gaya masa hanyar da zai bi ba. Kunnen jama'a kuma abin da ya saba ji shi yake nema.

Gyaran ba ya buƙatar dogon Turanci. Majalisar Dokokin Kano na iya kafa asusun tallafa wa fasaha da doka, a ware masa kaso a kasafin kowace shekara. A miƙa rabon kuɗin ga kwamitin masana daga jami'o'i da ƙungiyoyin marubuta da masu fim da malaman addini, wanda wa'adinsa ba zai ƙare tare da na gwamna ba. A riƙa wallafa sunan duk wanda ya samu tallafi da adadin abin da aka ba shi. Ingila ta bi irin wannan tsari tun 1946: gwamnati ke ba da kuɗi, amma ba minista ke zaɓar wanda zai amfana ba.

Haka kuma, naɗin shugaban hukumar tace finafinai ya kamata ya bi ta majalisa, da ƙa'idoji a rubuce da kowa zai iya karantawa, da damar ɗaukaka ƙara.

Gwamnan da ya yi haka zai rasa wasu waƙoƙin yabo a lokacin mulkinsa. Amma littattafai da finafinan da asusun zai haifar za su daɗe a hannun jama'a bayan an cire allunan kamfen ɗinsa daga titi.