Amsar wasiƙar mai son lambu, mai gudun Turanci

A makon nan na ajiye abin da na shirya muku, domin wata wasiƙa ta zo mini daga wani ɗan aji biyu na babbar sakandare. Ya roƙi kada in faɗi sunansa, kuma ba zan faɗa ba. Ya ce shi kam Turanci ya gagare shi, zango biyu ke nan a jere yana faɗuwa. Mahaifinsa manomin rani ne, shi ma a lambu ya buɗe ido, saboda haka idan ya gama makaranta kwalejin noman lambu zai nema, "inda babu ruwan kowa da Turanci, daga fartanya sai ban ruwa." Yana so in gaya masa ko akwai irin wannan makaranta.

Ƙanena, akwai ta. A garin Dadin Kowa na jihar Gombe, kusa da madatsar ruwan da ke kan kogin Gongola, akwai Kwalejin Tarayya ta Koyon Noman Lambu, wadda aka kafa a 2002. Ana yin ƙaramar difloma ta shekara biyu, mai son ƙari ya dawo ya yi babba. A irin wannan karatu ake koyon renon iri, da dabarun ban ruwa, da yadda ake yi wa bishiya aure har a samu mangwaro mai aure, da yadda ake adana kayan gwari bayan an tsinke su. Duk wanda ya taɓa ganin kwandunan tumatir suna ruɓewa a kasuwa lokacin da kaya suka yi yawa ya san ana buƙatar masu wannan ilimi. Zaɓinka mai kyau ne, kada ka bari wani ya raina maka shi.

Sai dai Turancin da kake gudu yana zaune a bakin ƙofar yana jiranka. Za a duba shi a sakamakonka na WAEC ko NECO. A jarrabawar JAMB kuwa, cikin tambayoyi 180 da za ka amsa a awa biyu, 60 na Turanci ne, kuma shi kaɗai ne darasin da ya zama dole a kan kowa, da mai son likitanci da mai son lambu. Idan ka shiga kwalejin ma, a shekarar farko za ka tarar da kwas ɗin da ake kira Use of English. Na san ba abin da ka so ji ba ke nan.

Bari in ba ka labarin abin kunyar da na taɓa yi. Ina aji uku na ƙaramar sakandare, na je hutu wajen kawuna, mai noman tattasai a fadama. Wata rana ya sayo maganin ƙwari, ya miƙo mini kwalbar a gaban 'yan aikinsa, ya ce, "To ɗan boko, karanta mana nawa ake zubawa." Na gyara murya na dinga zuba Turanci, babu inda na yi tuntuɓe, mutane suna ta jinjina kai. Da ya ce in fassara, sai na ce an rubuta lita ɗaya. Gaskiya ne an rubuta lita ɗaya, amma a gabanta akwai wasu kalmomi biyu da na karanta da baki, hankalina bai tsaya a kansu ba: "per hectare". Wato lita ɗayan nan ta hekta guda ce sukutum, za a raba ta ne cikin tankuna masu yawa. Kawu ya ɗan yi shakka, ya juye rabin kwalbar cikin tankin goyo ɗaya. Kafin kwana uku ganyen kunyoyin da aka fesa ya ƙone kamar an bi shi da wuta. Bai dake ni ba, bai ma ɗaga murya ba. Ya dube ni kawai ya ce, "Ashe bokon naku a baki ya tsaya." Da ma dukan ya yi mini, da ya fi sauƙi.

Wannan asarar kuɗi ce kawai. A jikin irin wannan kwalba akwai wani layi da ya fi shi hatsari, inda ake rubuta "pre-harvest interval", wato adadin kwanakin da dole a jira tsakanin feshi da tsinkar amfani. Manomin da bai gane shi ba zai iya fesa wa latas magani yau, jibi ya kai kasuwa, a yanka a ci ɗanye, wataƙila ma a gidansu.

Dubi buhun taki ma. Lambobin 15:15:15 da ke jikin NPK kaso ne cikin ɗari na sinadarai uku. A buhu mai kilo 50, sinadarin naitirojin da ke sa ganye ya yi kore kilo 7.5 ne kacal, alhali buhun yuriya mai nauyi ɗaya, da aka rubuta masa 46, yana ɗauke da kilo 23. Wanda ya iya karanta buhu ya san abin da ya saya da kuɗinsa.

Abin da kwasa-kwasan Turanci na shekarar farko suke ƙoƙarin gyarawa ke nan, ciwon da ya kama ni a fadama: karatu ba tare da fahimta ba. Haka ma makarantun share fage, irin ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Funtuwa. Amma a ganina kuskure ne ka jira su. Malami ɗaya a gaban aji maƙil da ɗalibai, cikin 'yan watanni, ba zai ɗinke ɓarakar shekara shida ba. Kai kuwa kana da fiye da shekara guda a hannu.

Fara da abin da ka riga ka sani. Ka san tumatir tun daga iri har kwando, saboda haka babin tumatir a littafin Aikin Gona zai fi maka sauƙi a kan labarin wata ƙasa da ba ka taɓa gani ba. Karanta sakin layi ɗaya, rufe littafin, ka faɗa wa kanka da Hausa abin da aka ce. Idan ka kasa, ba ka karanta ba tukuna, koma. Kada ka tsaya buɗe ƙamus a kan kowace kalma, za ka gaji ka yar da littafin; ja layi a ƙarƙashin biyar kawai, ka nemo su bayan ka gama. Kuma ka riƙa lura da ƙananan kalmomin nan da ido ke tsallakewa, irin su "per", da "not", da "before", da "except", domin su ne ke juya ma'ana, a kwalbar magani da kuma a takardar jarrabawa. Minti ashirin kullum ya fi awa uku ranar Lahadi. Karatun Hausa ma kada ka raina shi: wanda ya saba zama da littafi har ya kai ƙarshensa ya riga ya yi rabin aikin, ko da wane harshe aka rubuta shi.

Ga aikin gida, kai da duk mai karanta wannan fili. Ku samo buhun taki ko fakitin iri, ku kwafe abin da aka rubuta a jiki, ku fassara shi da Hausa, ku aiko mini. Kwalbar magani kuwa ku karanta ta a rufe, a gaban babba, ku wanke hannu da sabulu bayan kun taɓa. Fassara uku da suka fi kyau za su fito a wannan shafi nan da mako biyu.