Opera Mini ko Chrome: wacce ta dace da marubuci?

'Yan uwa marubuta, yawancinmu a waya muke rubutu, ga data ta yi tsada, shi ya sa muka liƙe wa Opera Mini. Gaskiya tana da tsimi, domin sai ta matse shafi a na'urorin kamfaninta kafin ta turo mana. To amma matsewar nan ce ke sa wasu shafuka su ƙi aiki, musamman Google Docs da fom ɗin shiga gasa. In karatu ne, ba laifi. Ranar tura labari kuwa, mu buɗe Chrome ko Firefox, ko da za su sha data. Gara asarar ɗari biyu da a rufe gasa labarinmu bai isa ba.