Sakamakon WAEC a hannu, albashi a aljihun kwastoma

Wata takarda da aka manna a ƙofar wani gidan abinci a Barnawa da ke Kaduna ce ta ɓata wa mai wannan shafi rai a makon nan. Ana neman masu kai abinci tebur, amma sai mai kiredit biyar a WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi. Da ya tambayi yarinyar da ta kawo masa sakwara nawa ake biyanta, dariya ta fara yi. Ko rabin mafi ƙarancin albashi bai kai ba. Sauran sai ɗan na shan ruwa da kwastoma zai bari in ya ga dama. Ranar da ruwan sama ya hana mutane fitowa, kuɗin keke Napep zuwa Narayi ma rance take ci.

Halin masu jari ɗaya ne ko'ina. A jihar Masachusets ta Amurka, ranar 5 ga Nuwamban 2024, an tambayi masu ƙuri'a ko a daina hana ɗalibi takardar kammala sakandare don ya faɗi jarrabawar jiha, da kuma ko a ɗaga albashin masu dogaro da tukwicin kwastoma daga dala 6.75 a awa zuwa dala 15 kamar kowa. Ƙungiyoyin 'yan kasuwa suka zuba kuɗi don kayar da duka biyun. Suka sha kaye a batun jarrabawa, suka yi nasara a batun albashi. Wato dai a tsananta wa ɗan talaka a aji, a sassauta wa maigida ranar biya.

Can ko banza an tambayi jama'a. A nan, a ɗakin taro a Abuja aka yi cinikin mafi ƙarancin albashi, gwamnati da masu kamfanoni suka tsaya a kan naira dubu 62, kafin Shugaba Tinubu ya sa hannu a kan dubu 70 a Yulin 2024. Gwamna Uba Sani ya ce na Kaduna dubu 72 ne. Sai dai dokar ta tsame duk wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, da masu aikin wucin gadi, da waɗanda ake biya da kamasho. A je a ƙirga gidajen abinci, wuraren wankin mota da ƙananan otal na Barnawa, a ga nawa ne suka kai wannan adadi.

Masu karatu sun gaji da jin zancen Kakuri a shafin nan, amma sai an sake. Da masaƙar KTL ta Kakuri, wadda aka buɗe a 1957, tana aiki, lebura yana da ƙungiya, yana da takardar albashi, yana da ranar biya. Aka rufe ta a 2002, masaƙar UNTL ta bi baya a 2007. Jikokin waɗancan ma'aikatan ne yau ke riƙe da faranti suna kallon hannun mai cin abinci.

Gaskiya ne dizal da kuɗin wuta sun sha kan masu sana'a. To amma ba a taɓa jin mai gidan abinci ya ce wa mai sayar da dizal ya jira kyautar kwastoma ba. Yarinyar ce kawai ake yi wa haka, don ba ta da bakin magana. Wannan cin gumi ne, an lulluɓe shi da sunan alheri.

'Yan majalisar tarayya masu wakiltar Kaduna su kai ƙudurin goge sharaɗin ma'aikata 25 daga dokar. Mai karatu kuma, in ya ci abinci a Barnawa, ya miƙa na shan ruwan a hannun yarinyar, kada ya bar shi a kan kanta.