Haziƙin Yaro A Ƙofar Rabin Aji: Ina Za A Nufa Da Shi?

Duk shekara idan watan Satumba ya kama, gero ya nuna a gonakin Kankiya da Kusada, makarantun boko kan buɗe sabuwar shekarar karatu. A daidai wannan lokaci ne wata mas'ala kan taso a wasu gidaje, wadda ba kasafai ake zama a tattauna ta a majalisun 'yan'uwa ba, alhali kuwa tana da nauyi ƙwarai. Mas'alar ita ce ta yaron nan da Allah Ta'ala ya ba kaifin ƙwaƙwalwa fiye da sa'o'insa.

A ɗauki misalin wani gida a garin Boko da ke ƙaramar hukumar Kusada. Ga yaro ɗan shekara huɗu ko biyar, ya gama babbaƙu da farfaru tun kafin yayyensa su ankara, yana karanta rubutun jikin buhun taki ba wanda ya koya masa, yana kuma yi wa mahaifiyarsa lissafin canjin ƙuli-ƙuli kafin ita ta gama ƙirgawa. Ranar da za a kai shi makaranta sai gida ya rabu uku. Mahaifi na son a wuce da shi aji biyu ko uku kai tsaye, domin a cewarsa rabin aji ɓata lokaci ne. Kaka na cewa a rufa wa yaro asiri, a bar shi a gida saboda kambun baka. Kawu kuma, wanda ya ɗan zauna birni, na cewa a sayar da tunkiya a kai shi nazare mai kuɗi inda zai riƙa zuba Turanci. Dukkansu alheri suke nufi, amma ba ɗayansu da ya tsaya ya duba abin da yaron ke bukata. Abin da yake bukata kuwa shi ne malamin da zai ƙara masa karatu gwargwadon ƙarfinsa, ba tare da an raba shi da shekarunsa ba.

Wannan ba sabon abu ba ne a ƙasar Hausa. Duk wanda ya zauna a gaban malam da allo a hannu ya san cewa a makarantar allo babu yara biyu da dole sai sun tsaya a wuri guda. Kowa da allonsa, kowa da inda karatunsa ya tsaya. Wanda ya iya ya biya wa malam, a ba shi izinin wankewa, a rubuta masa na gaba. Wanda bai iya ba ya sake maimaitawa har sai ya zauna masa. Da haka ne za a ga yara biyu tsara ɗaya a kan buzu ɗaya, wannan yana izu na biyu wancan yana na biyar, ba a tsayar da mai sauri domin ya jira ba, ba a kuma ɗauke shi daga cikin abokan wasansa an kai shi cikin gardawa ba. Tsarin aji na boko ya zo da alherai masu yawa, amma a wannan gaɓar ya yi rauni, domin shi allo ɗaya ne a jikin bango, yara duka shafi ɗaya, malami kuma yana tafiya da na tsakiya. Natijar haka ita ce haziƙin yaro ya wuni yana rera abin da ya sani tun bara. Daga nan sai gundura, daga gundura sai ƙiriniya, daga ƙiriniya sai bulala. Da yawa daga cikin yaran da ake kira marasa ji a aji ɗaya, ba rashin ji ke damunsu ba, rashin abin yi ne.

To sai dai fa tsallaken aji barkatai, wanda mahaifi ke hanƙoro, shi ma yana da tasa illar. Ƙwaƙwalwar yaro na iya yin gaba ta bar jikinsa da zuciyarsa a baya. Ɗan shekara biyar da ke karatu kamar ɗan tara, har yanzu yatsunsa na ɗan biyar ne, ba za su iya dogon rubutu ba, kuma idan manyan yara suka ƙwace masa ƙosai kuka zai yi kamar kowane ɗan biyar. Ba a cewa tsallake haramun ne. Masana tarbiyyar haziƙai sun yarda cewa tsallake aji guda na iya zama maslaha ga yaron da aka auna shi da kyau, aka ga girman jikinsa da halayyarsa za su ɗauka. Abin da ake suka shi ne tsallaken gasa, wanda uba ke yi domin a ce ɗansa ya riga ɗan wane, har ta kai ga zuwa kotu a yi rantsuwar ƙarya a kan shekarun haihuwa. Wanda ya fara gina ilimin ɗansa a kan rantsuwar ƙarya, wace albarka yake jira?

Ko ta fuskar lissafin duniya ma, saurin nan nawa yake haifarwa. A shekarar 2024 an yi ta ce-ce-ku-ce a Nijeriya a kan shekarun shiga jami'a, bayan da ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai ɗan shekara 18. Wanda ya gaje shi, Dakta Tunji Alausa, ya mayar da shi 16. A jarrabawar 2025 kuwa hukumar JAMB ta gindaya wa duk wanda bai kai 16 ba sharaɗin samun aƙalla maki 320 cikin 400, kafin ma a duba sauran sharuɗɗa. Ke nan yaron da aka yi ta turawa har ya gama sakandare yana ɗan 14, mai yiwuwa ne ya dawo gida ya zauna shekara biyu yana jiran shekarunsa su cim masa, kuma zaman banza a irin wannan shekaru kowa ya san abin da yake jawowa.

Maganar kawu ma tana bukatar a duba ta da idon basira. Ba kowace makarantar kuɗi ce ke da laifi ba, amma rera waƙoƙin Turanci da yaro bai san ma'anarsu ba ba shi ne haziƙanci ba, aku ma yana yi. Tun a 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara wani gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da wasu yara dukkan darussan firamare da harshen Yarbanci tsawon shekara shida, Turanci kuma aka bar shi a matsayin darasi guda. Sakamakon ya nuna cewa waɗannan yara ba su gaza takwarorinsu ba, har a Turancin ma. Yaro mai yawan tambaya yana bukatar harshen da zai yi tambayar da shi, ya kuma gane amsar. Idan aka ɗaure masa baki da harshen da bai iya ba tun ranar farko, tambayoyin nan za su mutu a cikinsa.

Ita kuwa kaka, tsoronta yana da tushe, domin kambun baka gaskiya ne, kuma akwai addu'o'in tsari da shari'a ta koyar. Amma tsari daban, binne baiwa daban. Inda kaka ta fi kowa gaskiya shi ne wajen hana mayar da yaro abin nuni. An wayi gari duk baƙon da ya shigo zaure sai an kira yaro ya zo ya karanta masa, wani ma ya ɗauke shi a waya ya watsa a duniya. Yaron da ya saba da tafi yakan fara gudun duk abin da zai iya kuskurewa a ciki, domin kada sunansa ya zube, kuma ranar da ya haɗu da karatun da ya fi ƙarfinsa sai ya karaya. Ga kuma ciwon da ake dasawa a zukatan 'yan'uwansa da ake kira daƙiƙai a gabansa. A 1921 wani masani a Amurka mai suna Lewis Terman ya fara zaɓen yara kimanin 1,500 da suka fi kowa cin gwajin ƙwaƙwalwa, aka yi ta bin rayuwarsu shekaru da dama. Babu ko ɗaya cikinsu da ya sami lambar Nobel, amma yara biyu da gwajin ya bari a baya, William Shockley da Luis Alvarez, sun same ta. Don haka kada uba ya yanke wa sauran 'ya'yansa hukunci tun suna ƙanana.

Wani na iya cewa ai gwamnati na da makarantun haziƙai. Haka ne. Akwai ta tarayya a Suleja wadda ta fara ɗaukar ɗalibai a 1990, akwai ta Bamaina da Jigawa ta kafa a zamanin Sule Lamido, kuma a nan Katsina gwamnatin Dikko Umaru Radda ta ɗauko aikin makarantu na musamman a Radda da Jikamshi da Dumurkul. Amma dukkansu na sakandare ne. Kafin yaron Boko ya kai ga ƙofarsu sai ya shafe shekara shida ko bakwai a firamare, kuma a cikin waɗannan shekaru ne ake rasa mafi yawan haziƙan karkara. Manufar ilimi ta ƙasa ta 2013 ta tanadi shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya, ta kuma ce malami guda ga yara 25 a wannan mataki. Duk wanda ya leƙa ajin yara a ƙauye ya san tazarar da ke tsakanin takarda da zahiri. Saboda haka nauyin ya dawo kan gida.

A nan ne maganar ta shafi 'yan'uwa matasa kai tsaye, domin su ne sababbin ubanni, su ne yayye da kawunnan da ke goya yaro a babur zuwa makaranta. Abu na farko, ɗan'uwa ya je da kansa ya zauna da hedimasta da malamin ajin cikin ladabi, ya ce: Malam, ga abin da yaron nan ya iya, a gwada shi a gani. Ya roƙi a riƙa ba shi ƙarin aiki idan ya gama na aji, ko a bar shi ya shiga aji na gaba a darasi ɗaya kawai, kamar lissafi, sannan ya dawo cikin tsararsa. Na biyu, kada a cire shi daga allo ko Islamiyya da sunan boko ya ishe shi, domin can ne zai sami tafiya gwargwadon ƙarfinsa, can ne kuma zai koyi durƙusawa a gaban malami. Na uku, a samar masa abin karantawa a gida, ko da tsofaffin littattafan yayyensa ne, a kuma ware masa ɗan lokaci bayan Magariba a saurari tambayoyinsa. Idan ba a san amsa ba a ce ba a sani ba, a je a tambayo tare. Na huɗu, a bar shi ya yi wasan ƙasa da langa, a aike shi, ya ba akuya dusa kamar kowa. Idan bayan zango guda an ga har yanzu ajin ya yi masa kaɗan, to a zauna da malamai a duba batun tsallake aji ɗaya, da shekarunsa na gaskiya.

Duk wannan ya haɗa har da 'ya mace. Sau da yawa idan baiwar ta faɗo a kan yarinya sai a ce wayo ne kawai, a ɗora mata farantin talla. Da haka aka yi wa Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, da ba a san ta a matsayin malamar da ta yi rubutu da Larabci da Fulatanci da Hausa ba.

Magabata sun bar misali. An ruwaito cewa Imamu Shafi'i ya haddace Alƙur'ani yana ɗan shekara bakwai, maraya ne kuma matalauci, mahaifiyarsa ce ta ɗauko shi daga Gaza zuwa Makka domin ya tashi kusa da danginsa da malamai. Mahaifiyar Imamu Malik kuwa, da za ta tura shi wajen malaminsa Rabi'a, ladabin malamin ta umarce shi ya fara koya kafin iliminsa. Ita ma ƙasar Katsina ta fitar da Muhammadu al-Katsinawi, masanin lissafin da ya rasu a Alƙahira a 1741. Ba abin da zai hana irinsa ya sake fitowa daga Boko ko Kusada ko Kankiya, matuƙar an ɗauki haziƙin yaro a matsayin amanar da za a yi tambaya a kanta gobe ƙiyama. Allah ya shirya zuriya, ya ba iyaye ikon sauke wannan nauyi.