Mai Raino A Amurka: Kuɗi A Hannu Ba Ya Sauke Nauyi



Wata 'yar'uwa da ke zaune a jihar Maryland ta Amurka ta aiko min da tambaya. Ta koma bakin aiki bayan jego, ta samu wata baiwar Allah 'yar garinsu da ke zuwa gida tana riƙe mata jariri, duk Juma'a ta miƙa mata dala 500 a hannu. Sai maƙwabciyarta ta ce mata akwai haraji a wuyanta. Shi ne take cewa: "Anti, yanzu raino ma sai an biya masa haraji?"

Ƙwarai kuwa, ƙanwata. A gida mun saba, a yi ciniki da baki, wata ya ƙare a biya, shi ke nan. A can kuwa, muddin a gidanki take aiki, ke kike sa mata lokaci, ke kike faɗa mata yadda za ta yi, to hukumar haraji ta IRS ta ɗauke ki uwargijiyarta, ita kuma ma'aikaciyarki. Idan kuma ke kike kai yaron gidan raino, wannan ba a kanki yake ba.

Ga yadda lissafin yake. A shekarar 2025, duk wadda ta biya mai aikin gida dala 2,800 ko fiye a shekara, harajin Social Security da na Medicare sun hau kanta. Na farkon shi ne asusun fansho, kashi 6.2 cikin ɗari. Na biyun na kula da lafiyar tsofaffi, kashi 1.45. Jimilla kashi 7.65 ke nan da za ki cire daga albashinta, ke ma ki ɗora daidai wannan daga aljihunki. A kan dala 500, kowaccenku dala 38.25 ce a mako. A shekara, rabonki ke kaɗai dala 1,989. Ki lura, wadda ke biyan 500 a mako, mako shida kacal ya isa ta wuce wancan ƙa'idar.

Akwai kuma harajin tallafin rashin aiki na tarayya, wanda ke hawa kanki idan kin biya dala 1,000 a cikin rubu'in shekara. Wannan ke kaɗai za ki biya, ba a taɓa albashinta. A kan dala 7,000 na farko ake lissafa shi, kuma idan kin biya na jiharki a kan lokaci, yawanci dala 42 ne a shekara.

Takardun ba su da yawa. Ki nemi lambar mai ɗaukar aiki, wato EIN, kyauta ce a shafin IRS. Ku cike fom ɗin I-9 don tabbatar da tana da izinin aiki a ƙasar. Ki ba ta takardar W-2 zuwa 31 ga Janairu. Sannan ki haɗa Schedule H da takardun harajin gidanku na shekara. Kowace jiha kuma da nata ƙarin dokokin. New York ce ta fara kafa dokar kare haƙƙin masu aikin gida a 2010.

Na san wata za ta ce ai 'yar'uwata ce, ba baƙuwa ba. Dokar ta keɓe miji ko mata, da ɗanki da bai kai shekara 21 ba, da iyaye a mafi yawan hali. Amma ƙanwarki da 'yar yayarki da 'yar garinku ba sa ciki. Zumunci daban, doka daban.

Kada kuma ki ce wa zai sani. A 1993 Shugaba Bill Clinton ya zaɓi lauya Zoe Baird ta zama ministar shari'a, sai ta janye bayan an gano ta ɗauki mai raino da direba marasa izinin aiki, ba ta kuma biya musu wannan haraji ba. Ga talaka irinmu, asiri yakan tonu ne ranar da aka rabu, mai rainon ta je neman tallafin rashin aiki, a tambaye ta inda ta yi aiki. Daga nan sai bashi da tara da kuɗin ruwa.

Amma ni ba tsoron tara ne ya fi damuna ba. Sai mutum ya yi kimanin shekara goma yana aiki ana zuba masa wannan kuɗi kafin ya cancanci fanshon Social Security. Matar da ta ƙare ƙuruciyarta tana goyon 'ya'yan wasu ana biyanta a hannu, a idon hukuma ba ta taɓa aiki ba. Ranar da ƙarfinta ya ƙare, 'ya'yanki sun girma sun kama gabansu, ita wa zai riƙe ta? Kin ba ta amanar abin da kika fi so a duniya. Haƙƙin tsufanta shi ma amana ne a hannunki.

Don haka 'yar'uwa ta Maryland, ki zaunar da ita ku yi magana, ku rubuta yarjejeniya, ki nemi masanin haraji ya gyara miki na baya. Gyaran yau ya fi na gobe sauƙi.

Masu zama a can, ku faɗa mana yadda kuke yi a jihohinku. Sai mako mai zuwa, a shafa min kan yara.