KIWO DA KASUWA: Jan gashi ba ya cika ƙwarya

A kasuwar bisashe ta Dakwaro, jar akuya takan fi baƙa tsada ko da girmansu ɗaya. Ma'aikacin gwamnati mai son adana ragowar albashinsa, da ɗan kasuwa mai neman abin kiwo a gida, duk ita suke fara tambayar dillali.

Wannan farin jini yana da tarihi. Tun zamanin ayari fatake ke kai jemammiyar fatar jajayen awakin ƙasar Hausa arewacin Afirka, inda Turawa ke saye da sunan fatar Maroko. Da Faransawa ƴan mulkin mallaka suka hango ribar, sai jami'ansu na kiwo suka shiga dandaƙe bunsuran da ba jajaye ba. A 1963 kuma aka buɗe cibiyar kiwon awaki ta Maraɗi domin tsare irin da yaɗa shi.

Ba a nan kaɗai ake zaɓen iri ta launi ba. A Taiwan da Japan, masu kiwon ƙananan jatan lande cikin akwatin gilashi don ado sun yi shekaru suna ware masu haske daga cikin masu launin ƙasa, har suka sami ja wur, da rawaya, da shuɗi. Amma in aka gauraya launukan, ƴaƴan sukan koma kamar kakanninsu. In kuwa aka yi ta haɗa dangi da dangi, irin yakan raunana.

Shi jatan lande na ado, kallo ne amfaninsa. Ita akuya nono da tagwaye ake nema gare ta. Wani bincike da aka wallafa a 2002 ya kwatanta ja da baƙa a yankin Maraɗi, bai sami bambancin a zo a gani ba tsakanin amfaninsu. A arewacin kwarin Tarka ma, inda rijiya ke da nisa, akuyar makiyaya mai dogayen ƙafafu ta fi gajeriyar jar akuyar gida jure tafiya.

Saboda haka, kafin mai saye ya ƙara kuɗi don launi, ya kamata ya dubi haƙori da hantsa, ya tambayi ƴaƴa nawa uwar ke haihuwa. Mai garke kuma ya riƙa sauya bunsuru, kada uba ya hau ƴarsa. Ja alama ce ta asali mai kyau, amma ran da yara suka miƙo ƙwarya, hantsa ce za ta amsa.