Gammon da Allah Ya Naɗa Maka a Jiki

Ya kai mai karatu, in ka saba shiga Kasuwar Sabon Gari, ka san ɗan dako ba ya ɗora buhu a ka sai ya naɗe gammo. To, Allah Ya riga Ya naɗa maka irin wannan gammo a cikin jiki.

A kusa da gaɓoɓinka akwai ƙananan jakunkuna kimanin 150, waɗanda likitoci ke kira bursa. Kowace tana ɗauke da ɗan ruwa mai santsi, tana kwance tsakanin ƙashi da jijiya ko fata, don kada su riƙa gugar juna. Suna nan a kafaɗa, da gwiwar hannu, da ƙugu, da gwiwa, da diddige. Idan an matsa musu da ɗaukar kaya, ko doguwar durƙusawa wajen wanki da goge daɓe, ko jingina gwiwar hannu a kan kanta tun safe har yamma, sai su tara ruwa, su kumbura, su yi zafi.

A nan ne yawancinmu muke kuskure. Wani ya ce sanyi ne, ya sayi diclofenac a bakin hanya, ya yi ta sha har makonni. Wannan magani yana iya jawo gyambon ciki, yana kuma taɓa ƙoda. Wani kuma ya kai gwiwarsa wa wanzami a tsaga. A ganina wannan ya fi haɗari, domin askar na iya buɗe wa ƙwayoyin cuta ƙofa, ƙaramin kumburi ya rikiɗe ya zama ƙurji mai mugunya.

Na san mai neman na cefane ba ya son jin kalmar hutu. Amma da rashin aikin watanni, gara hutun 'yan kwanaki. Ka sassauta wa gaɓar, ka naɗe ƙanƙara a tsumma ka ɗora na minti 15, ka sa matashi in za ka durƙusa.

Idan wurin ya yi ja, ya ɗau zafi, ga zazzaɓi, ko kana da ciwon suga, kada ka kwana. Haka ma in mako 2 ya wuce babu sauƙi. Asibitin Ƙashi na Dala yana nan cikin Kano, likita ne zai duba ko ruwan na buƙatar zuƙa da allura mai tsabta.

Allah Ya ƙara mana lafiya, amin.